Muryar Ƙanena a Faifan da Ka Ce Kada a Saya

Zuwa ga Malam mai sharhin fayafayan garmaho, ta hannun Edita.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali da abokan aikinka.

Sunana Umaru, tela ne ni a bakin kasuwar Gwandu. A ajin yaƙi da jahilci na koyi boko. Duk ranar da jarida ta iso nakan ɗaga ƙafa daga keke in karanta wa mutanen rumfata, kuma filinka suke fara cewa a buɗe. Mu a nan ba mu da inda za mu saurari faifai kafin a saya. Abin da ka ce shi ne kunnenmu. Alhaji Dikko, wanda ke kawo mana fayafai daga Sakkwato, ba ya yin oda sai ya zo rumfata ya ji bakinka. Na faɗi wannan ne don ka san ba maƙiyin filinka ne ya rubuto ba.

Na farko, ga abin da ya same mu.

Ina da ƙane, Sahabi, manomi a Kalgo, inda mahaifiyarmu take. Ɗan amshi ne a wajen Arzika, makaɗin gangar noma. Bara bayan kaka mutanen kamfani suka kira su Sakkwato, aka ɗauki waƙarsu ta gayya. Sahabi ya biyo ta rumfata a kan hanyarsa ta komawa, bakinsa bai rufu ba don murna. Ya ce in faifan ya fito shi zai ɗauki garmaho a ka ya kai wa Inna har ɗakinta. Da zafi ya shigo sanƙarau ya kama shi, Allah Ya yi masa cikawa. Ya bar mata, Hajo, da goyo. Faifan bai fito ba sai bayan rasuwarsa.

Ranar da na ga sunan Arzika a filinka, da ƙarfi na fara karantawa, mutane suna matsowa. Ka yabi gangar, ka ce Arzika ya san hannunsa. Sannan ka ce akwai wani cikin 'yan amshi mai siririyar murya da ke danne kowa, kamar mai kiran awaki daga bayan gari, ya ɓata faifan, saboda haka kada kowa ya wahalar da kansa wajen nemansa. Duk wanda ke rumfar nan ya san mai siririyar muryar Arzika mutum ɗaya ne. Na naɗe jaridar, na koma kan keke.

Na biyu, abin da maganarka ta jawo.

Na roƙi Alhaji Dikko ya kawo faifan ko guda ne. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce, "Malam Umaru, ni ba ni ɗauko abin da jarida tac ce a bari. In na aika a kawo guda ba su ba ni, in na ɗauko da yawa wa za ya saye?" Ban ga laifinsa ba, ɗan kasuwa ne. Damina ta faɗi, ta yi nisa, faifan bai shigo ƙasarmu ba. Duk zuwan da zan yi Kalgo sai Inna ta tambaye ni ko abin nan na Sahabi ya fito. In ce mata yana tafe. Arzika kuwa labarin ya kai masa, ya ce shi da injin Turawa har abada, tunda an zagi yaronsa yana kabari.

Malam, na san ba ka san ya rasu ba. Amma ko da yana raye, mutum ne mai uwa da mata. Ba ka san sunansa ba, ka san abin da za ka kwatanta shi da shi. Wannan shi ne ya fi ci mini rai.

Na uku, yadda muka ji shi.

Wani direban babbar mota mai suna Mamman, wanda nake yi wa ɗinki, ya ji labarin. Sai ga shi wata ranar kasuwa da ƙwarya cike da dusa, ya tona ya fito da faifan naɗe cikin tsumma. Wai a ƙarƙashin tarin waɗanda ba su shiga ba ya samo shi a wani kanti a Sakkwato. Alhaji Dikko da kansa ya ara mini garmahonsa da sabuwar allura, Mamman ya kai ni Kalgo.

Bayan la'asar muka ajiye shi a tsakar gida. Maƙwabta suka cika ƙofa, Hajo tana tsaye bakin ɗakinta da yaron a baya. Inna kunnenta ya yi nauyi, sai an ɗaga murya take ji. Na wana garmaho na sa allura. Ganga ta tashi, Arzika ya shiga, Inna tana zaune tana kallon fuskokinmu, ba ta jin komai. Da aka zo amshi sai ta ɗaga kai, ta dafa ƙasa, ta ja jiki zuwa bakin akwatin. Ta ce, "Wagga muryar Sahabi ta. Ku sake sa mani ita."

Muka yi ta sawa har rana ta yi sanyi. An yi kuka, amma an yi dariya ma, domin akwai inda Sahabi ya riga kowa shiga, Hajo ta ce haka yake ko a wajen tuwo.

Zan faɗa maka gaskiya, ba ƙarya ka yi ba. Muryarsa ta danne sauran. Arzika ya ce mini su ba su san inda ake tsayawa gaban injin ba, Sahabi ne ya fi kusa, kuma ya saki murya yadda ya saba a gona, inda sai ta kai ga na ƙarshen kuyya. A ɗakin aikinka wannan aibi ne. A tsakar gidanmu shi kaɗai ne abin da tsohuwa ta iya ji.

Tun daga ranar manoman Ceberu da na Maruda suke zuwa rumfata suna tambayar faifan, domin su da wannan kiɗan suke noma. Alhaji Dikko ya aika a kawo masa. Arzika ma ya huce, ya ce in an sake kiransu zai tafi, kuma zai ja yaransa baya kaɗan.

Ga roƙona.

Ka buga wasiƙar nan a filinka, ka rubuta sunan Sahabi na Kalgo, don inda aka karanta waccan magana a karanta wannan.

In za ka yi sharhin faifai, ka tambayi kamfani sunayen 'yan amshi da makaɗa. Su ma suna da gida.

Ka faɗi aibi in ka ji shi, ba na roƙon ka yabi abin da bai yi maka ba. Amma ka faɗa mana irin waƙar, da su wa aka yi wa ita, ka bar mutum ya zaɓa. Kalmar kada a saya, in ta iso ƙauye, rufe hanya take yi gaba ɗaya.

Kuma kada ka daina filin nan. Har yanzu ina karanta shi, jama'a kuma suna taruwa. In Allah Ya kai mu damina mai zuwa, ka zo Kalgo ka ji gangar noma a gona. Masaukinka yana gidanmu. Inna ta ce in gaya maka ba ta riƙe ka da komai ba, kuma in ka zo ita za ta dama maka fura da hannunta.

Allah Ya ƙara maka basira, Ya sa alƙalaminka ya zama sanadin alheri ga mawaƙa da masu saurare, Ya jiƙan magabatanka tare da namu.

Wassalam, daga mai karanta ka kullum,
Umaru Tela, Gwandu.