Kilishin Tsoho

Madawa, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Balki,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lahiya, ke da Malam Yasin da yara, da duk mutanen Garhanga. Mu ma lahiya lau, alhamdu lillahi.

Yaya, akwai magana a bakina, na rasa wa zan hwaɗa ma in ba ke ba. Manyan kantunan Yamai da ke ɗaukar mafi yawan kilishinmu sun ce ba su ƙara amsar wanda aka shanya a fili. Sai dai ɗaki rufaffe mai gilashi, a liƙe nama cikin leda. Na yarda, don in sun bar mu gidan ba zai iya riƙe mutanensa ba. Ma'ana za a kwance gadajen karan da Baba ya ɗaura da hannunshi.

Har yau ban gaya wa ma'aikata ba. Kullum na shigo da sahe sai in ji kamar Baba na zaune kan bencinshi ƙarƙashin iccen bedi, yana jiran ya ji ta bakina. Wata shida da rasuwarshi, ba wanda ya zauna wurin.

Magana kuma ta riga ni fita. A otogar, tashar mota, ana cewa na saida sunan Kilishin Tsoho ga mutanen Yamai. Jiya wata hajiya da ta daɗe tana saye ta ce mini ɗanɗanon ya sake. Wallahi Yaya, ko ƙwayar barkono ba mu taɓa ba tukuna.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Nazir

Madawa, ranar Asabar

Yaya Balki,

Ina gaisuwa. Yaya jikin ɗiyarki Zuhura? Allah Shi ƙara sauƙi.

Na hwaɗa ma ma'aikata jiya. Ban tara su reniyo a biro kamar 'yan ofis ba, na bari sai da muka taso Juma'a muka kewaye tiren shinkafa, yadda aka saba tun zamanin Baba. Na fara da abin da ba zai taɓu ba: ba mai rasa aikinshi, haɗin tunkuza da yaji na nan yadda yake, tiren Juma'a ma haka. Sannan na zo kan ɗakin, da fararen rigunan da za mu riƙa sawa ciki, da gadajen. Ban ɓoye komi ba.

Samarin sun ji daɗi, Imrana har ya ce sun huta da korar ƙuda. Baba Alƙasim kuwa, abokin Baba mai yankan nama, ya tsame hannunshi daga abinci. Ya tambaye ni, in duk mun shige bayan gilashi, wa zai amsa sallamar mai wucewa, wa zai miƙa mishi ɗan yanki ya ɗanɗana? Ya ce mutane gaisuwar Tsoho, wato Baba, suka fara saye kafin namanshi. Sai ya miƙe ya tahi. Yau bai zo ba, wuƙarshi na nan rataye.

Naki,
Nazir

Madawa, ranar Lahadi

Yaya,

Ina fatan kuna lahiya. Ki gafarce ni da shirun wata biyu.

Na bi Baba Alƙasim har garinsu, Urno. Ashe ba hushi ya yi ba. Ya ce tare suka ɗaura gadajen nan da Baba suna samari, idonshi ba zai iya ganin ana kwance su ba. Na roƙe shi ya komo, na ce zan bar rumfa guda bakin hanya, tashi ce, ya riƙa tarbar mutane yana ba su ɗanɗano. Ya yarda, amma sai an gama kwance gadajen. Yanzu yana rumfar kullum, masu cewa an saida suna sun ragu. In ya yi dariya daga nesa sai in waiga, don tare da ta Baba na saba jin ta.

Kaya sun tahi Yamai, an yaba. Sai dai ga abin da ya sa na rubuto. Don mutane su tabbata gidan bai sake hannu ba, na sa an buga hoton Baba jikin ledar. Shekaranjiya a otogar na ga an cinye guda an yar. Fuskar Baba na ƙasa, da hularshi da murmushinshi, wani ɗan kabu-kabu ya bi ta kai bai ko lura ba. Na duƙa na ɗauka na share da hannun riga. Da na ɗago sai ga wata can bakin kwata.

Ina so in cire hoton, a bar sunan kaɗai. Amma ubanmu ne mu biyu, ba zan taɓa ba sai kin ce. Kafin amsarki ta zo na tsaida bugawa, kuma duk yamma ina zagaya otogar ina tsince shi.

Ki gaida mini Malam da yara.

Ƙanenki,
Nazir