An sare ɗorawar Inna Tabawa

Zuwa ga tsohuwar matata, Hajiya Kaka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki, ya ruwan Fatakwal? Ya su Kawu Sani da yara? Mu nan Dukawuya lafiya lau, sai kewar faɗanki.

Daddawar da kika ce a aiko miki, ki haƙura, babu. Inna Tabawa mai kawo mana daga ƙauye ta zo ranar Juma'a. Tana shiga gaida Umma na lallaɓa zan ɓoye ƙwaryarta bayan randa kamar kullum, don ta biyo ni da zagi. Ina ɗauka na ji ba nauyi. Na ɗaga faifan, ba komai sai tsumma.

Da ta fito ta gan ni da ita, sai ta ce, "Ja'iri, riƙe ta, sallama na zo yi." Ashe mai gonar da take samun kalwa a ciki ya sayar wa masu gawayi ɗorawoyin nan uku, har da kukar bakin rafi. Da kalwarsu ta aurar da 'ya'yanta, da ita take ciyar da marayun ɗanta. Na ce ta dasa wata mana. Ta ce in ɗorawar ta yi 'ya'ya in kai mata kabari.

Umma ta auna mata gero, amma kwana nawa zai yi?

Ki sa ta a addu'a, ni ma ki roƙa mini shiriya. A gaida kowa da kowa.

Mijinki,
Habu