Nazifi da Fim ɗin Tsoho

Daren Laraba, Danau Kota

Raina a ɓace yake. Lakcara ta haɗa ni da Nazifi mu yi bayani a kan wani daraktan Fotugal da ya tsufa yana shirya fim. Sati uku ina kallon fina-finansa. Shi kuwa jiya a mamak, gidan abincin da muke zuwa, ya kalli guda ɗaya a waya, bakinsa cike da gurasar roti, yana tsallake duk inda ba a magana.

Na ce, "Haba Nazifi, shirun nan ai shi ne fim ɗin."

Yau ya miƙe a aji, har da dafa ƙirji, ya maimaita maganata sak. Lakcara har da tafi. Ni kuwa ina gefe kamar soko, ina canza masa hotunan bayaninmu a allo. Tir!