Jan Tabo a Ƙafar Tankin Baba

Anti Hajaratu, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya ƙulle. Ni ba mai magana ba ce, kullum ina ɗaki da littafin soyayya. Kafin Yaya Kyari ya tafi bautar ƙasa ya bar min kwamfutarsa, ya koya min manhajar da ke yanyanka zanen ƙarfe ƙanana-ƙanana kamar raga, ta lissafa nauyin da kowane yanki ke ɗauka. To Baba zai ɗora babban tanki kan tsohon ƙarfen tankin gidanmu, sai ya ce in duba masa. Anti, Baba bai taɓa neman shawarata ba. Na duba a manhajar, na ce zai ɗauka. Har a majalisa ya ba da labarina.

Daga baya na danna wurin da ke auna kuskure, sai ga tabo jawur a kusurwar da aka yi walda. Na ƙanƙanta ragar ko'ina, kwamfutar ta sandare. Da ta farfaɗo, lambar nauyin da ke kan kusurwar ta ƙara haurawa. Ranar Asabar za a ɗora tankin, wayar Yaya ba ta shiga. A littafi jaruma kan suma ta farka komai ya warware, ni ko suman na kasa. A ƙarƙashin tankin nan ƙanena Ashraf ke wasa. In kuma na faɗa wa Baba, zai sake tambayata kuwa?

Mai Mafarki, Dogo Nini, Potiskum

'Yata, share hawayenki. Na tuntuɓi wata injiniya. Jan nan ba yana nufin ƙarfe zai karye ba, kuskuren kuma ba naki ba ne. Manhajar ce ke cewa a nan yankunan da ke maƙwabtaka sun saɓa, ba ta gamsu da lissafinta ba. A nan kaɗai za ki ƙanƙanta ragar, ki sake lissafi, ki sake aunawa, har amsar ta daina motsi. Kusurwa mai kaifi kuwa lambarta ba ta tsayawa, sai kin lanƙwasa ta a zanen yadda walda take.

Amma tsoronki na da tushe, kwamfuta ba ta ganin tsatsa. Yau ɗin nan ki samu Baba, ki ce a dakata da tankin har injiniya ya ga ƙarfen da idonsa. Kunyar ta ɗan lokaci ce. Wanda ya ce ki duba masa, gaskiya yake nema a wurinki. Allah ya yi miki albarka, ya tsare Ashraf.