Likkafani Marar Ƙulli

Mama,

Gaisuwa mai yawa daga Landan. Yaya ƙafar Baba, yana iya bin tumaki? Yaya tarin Kaka?

Ni lafiya lau. An sallame mu daga ɗakin ɗinkin kayan fim, amma kada ki damu, dankali bai yanke mini ba.

Kin tuna tsohon fim ɗin fatalwa da aka sake yi don talabijin, wanda na ɗinka wa kaya? Masu kallo sun yi masa kaca-kaca. Jiya a bas na ji wata tsohuwa tana ce wa ƙawarta, "Na da ya sa ni fitsari a wando, wannan kuwa hamma ya sa ni!"

Ƙawar ta ce, "Ke dai faɗi gaskiya! Likkafanin nan na sabon da ke warwarewa in fatalwar tana tafiya fa? Har yau ba na iya kallon labulena."

Mama, kamar in miƙe in ce aikina ne! Darakta ya so in ƙulle zaren, na ce mu a yankinmu na Donegal ba ma ƙulli a likkafani, kada a ɗaure mamaci. Ya yi ta faɗa, na kafe.

A aiko mini da safar ulu, ɗakina da ɗan sanyi. Allah ya ƙara muku lafiya. Ki gaya wa Kaka, ɗinkin da ta koya mini don matattu su kwanta lafiya, shi ya hana masu rai barci.

'Yarki,
Nuala