Baffana Ya Hana Gwaggo Fitowa a Fim Ɗina

Anti Lubna, don Allah ki taimake ni kafin in faɗa wa babba maganar da zan yi nadama. Ni 'yar Dutsin-Ma ce, ina shirya gajerun finafinai da waya ina sawa a intanet. Matsalata Baffa Sodangi ne, wan mahaifina da ke Kurfi. Ya taɓa wasan kwaikwayo zamanin kaset. A fim ɗaya tak ya fito, a matsayin ɓarawon akuya, har yau ko a ƙofar masallaci Ɓarawon Akuya ake ce masa, amma shi a dole masanin harka ne. Duk sanda na je gaishe shi sai tarihi: yadda suka fara a filin makaranta, yadda suke hayar kyamarar biki, yadda aka kwafe musu kaset. Wallahi na gaji! Ni ina ruwana da kaset?

Yanzu na rubuta labarin wata mai fura da ke barbaɗa asiri a ƙwarya don ta kwashe masu saye. Ƙanwar su Baffa da mahaifina, Gwaggo Yahanasu, fura take sayarwa a Kurfi, da ita take riƙe marayunta, kuma in tana ba da labari sai cikinki ya ƙulle don dariya. Na ce ta fito a mai furar, ta yarda, har ta ce a ɗauka a inda take zama, da ƙwaryarta. Kwatsam Baffa ya hau babur ya je ya hana ta. Wai sai na zauna na ji yadda aka faro harkar tukuna. Haba! Asabar za mu ɗauka. Shin dole ne sai na haddace tarihi kafin in riƙe kyamara, ko hassada ce kawai irin ta tsofaffi?

Mai Takaici, Dutsin-Ma

Mai Takaici, na ji kukanki, kuma kina da gaskiya a wuri ɗaya. Baffa ya cika dogon zance, kuma bai kyauta ba da ya hana Gwaggo a bayan idonki. Ba dole ba ne ki san kuɗin hayar kyamarar biki kafin ki yi fim mai kyau.

Amma ki sake karanta wasiƙarki, 'yata. Da hannunki kika rubuta cewa fim ɗaya ya yi, sunan ya bi shi har furfura. Tarihin da yake son ki ji ke nan, ya rasa yadda zai taƙaita ne kawai. Mutanenmu sun san wasa ne, amma ba sa mantawa. In suka ga Gwaggo da ƙwaryarta, a wurin zamanta, tana barbaɗa asiri, za su yi dariya, sannan su wuce su sayi furar maƙwabciyarta.

Ki ɗage Asabar ɗin. Ki nemo wadda ba ta sayar da fura, ki ɗauka can wajen madatsar ruwan Zobe inda ba a san ta ba. Gwaggo kuwa ki ba ta rawar da za ta ƙara mata masu saye. Sannan ki je Kurfi da goro, ki tambayi Baffa abu ɗaya: me ya same shi bayan fim ɗin ya fita? Ki bar shi ya gama.

Masu kallonki za su wuce zuwa wani fim ɗin gobe. Gwaggo kuwa da safe za ta koma wurin furarta, marayu na jiran ta dawo. Allah Ya sa albarka a kyamararki, Ya bar mata kasuwarta.

Anti Lubna