Jagoran da Bai Iya Waƙar Ba

Highbridge, Bronx
9 ga Maris, 2016

Zuwa ga Yaya Kwaku,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da mutanen Elmina baki ɗaya. Ni ne Braimah, wanda kuka yi jagorancin baƙi tare a Kasil, tsohon gidan nan na tsare bayi da ke bakin teku. Na san shekara goma sha tara ke nan ba ka ji daga gare ni ba. Sau biyu ina samo lambarka, in danna, in kashe kafin ta shiga. Shi ya sa na ba maƙwabciyata Adisa wannan takarda, tunda za ta je gida.

Tasi nake tuƙawa yanzu. Ran Talata na ɗauko fasinja daga filin jirgin sama na JFK na sauke shi a titin Pearl, can ƙasan Manhattan. Na fito in miƙe ƙafa, sai ga gilashi a shimfiɗe gefen hanya, ƙarƙashinsa harsashin wani tsohon gini. Yaya, a cikin duwatsun na ga irin bulon nan namu, ƙanana masu ruwan ɗorawa, waɗanda muke gaya wa baƙi cewa 'yan Holan ne suke loda su a gindin jirgi don kada teku ta kifar da shi. Na durƙusa ina kallo har wani mai gadi ya tambaye ni ko wani abu nawa ne ya faɗi.

Allon da ke wurin ya ce a nan majalisar gari take, lokacin da sunan garin New Amsterdam. Kamfanin da ya mulki Elmina shi ya mulki nan. Harlem, inda nake zuwa Juma'a, sunan wani garinsu ne. Wall Street kuma katangarsu ce, da hannun bayi aka gina ta. Shekara goma muna nuna ƙofar nan ta bakin ruwa, wadda ake fitar da bayi ta cikinta, muna cewa jiragen sun tafi da su can ƙetare. Ashe a can ƙetaren nake neman abinci.

Tun ranar nake tuna tudun Sanjago, inda muke hawa da azahar mu ci dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi, muna kallon kwale-kwale suna shiga tafkin Benya. Har yanzu hayaƙin bandar kifi yana kaiwa can sama?

Ka gaida mini mahaifiyarka, Mama.

Naka ƙane,
Braimah


Elmina
2 ga Afrilu, 2016

Braimah,

Na gaishe ka. Takardarka ta iso, Adisa ta kawo da hannunta.

Mama ta rasu shekara goma sha shida da suka wuce. Ta tambaye ka har ta gaji.

Hayaƙi yana nan. Bulo yana nan. Ni ma ina nan, amma gwiwata ba ta kai ni Sanjago. A ƙarshen shekara zan ajiye aiki.

Darasin ka ba ni daidai, sai dai ni na koya maka shi. Ka manta da shekarar da Ingilishi suka karɓe garin naka, 1664. Mu sai da muka ƙara shekara ɗari biyu da 'yan kai a hannun 'yan Holan.

Ban yarda don bulo ka rubuto ba. In da magana, ka faɗe ta. Na tsufa da kewaye-kewaye.

Allah ya kiyaye ka a hanya.
Kwaku


Highbridge
28 ga Afrilu, 2016

Yaya Kwaku,

Bayan gaisuwa, Allah ya ba ka haƙurin rashin Mama. Na karanta layin nan a mota, na kasa tuƙi, na koma gida. Matar da take ajiye mini tuwo daban don ta san ba na cin abin da aka sa wa giya, ita na bari ba ko sai wata rana.

Gaskiyarka, da magana.

Ka tuna baturiyar nan farfesa da ta zo da ɗalibanta a 1997, mai bincike kan kamfanin 'yan Holan? Kai ka zaga da su. A ɗakin gwamna, bayan ka nuna musu matakalar da ake hawo da mata bayi, sai ka rera musu waƙar masunta ta Fante. Ina bakin ƙofa, na ga tana share ido.

Bayan wata biyu wasiƙa ta zo. Ranar ka kai Mama asibiti, ni na karɓa. Ba suna a kai, an dai rubuta: ga jagoran da ya yi mana waƙa. Gayyata ce ta wata uku, a zo a yi wa ɗalibai bayani, da tikiti da masauki. Na riƙe ta kwana huɗu a aljihu. Na biyar na amsa da sunana.

Da na sauka, farfesa ta daɗe tana dubana. A ajin farko wata ɗaliba ta ce, "Malam, ka yi mana waƙar." Na buɗe baki, Yaya, ko kalmar farko ban sani ba. Na ce mura nake yi. Wata uku ina mura.

Da lokaci ya cika ban dawo ba, don ban san da wane ido zan dube ka ba. Na yi wanke-wanke a gidan abinci, na yi gadi, na yi shekaru ba takardar zama. Yanzu ina da takarda, da mata, da 'ya'ya biyu da nake yi wa Hausa suna amsa mini da Turanci. Duk a kan kujerarka nake zaune.

Ba na cewa ka yafe. Ina so dai ka ji daga bakina.

Naka,
Braimah


Elmina
30 ga Mayu, 2016

Braimah ɗan Zango,

Gaisuwa. Na karanta sau biyu. A wurin murar na yi dariya har matata ta leƙo.

Ka ɗauka ban sani ba? Sati biyu da tafiyarka farfesa ta rubuto, wannan karon ta nemo sunana. Ta ce wanda ya zo ba shi ne ta gani ba, me za ta yi da shi? Na amsa mata cewa ni na turo ka, kuma ka fi ni riƙe shekarun tarihi a ka. Na biyun gaskiya ne.

Ko da takardar ta faɗo hannuna ba zan tafi ba. Wa zan bar wa Mama a kan gado? Da ka tambaye ni, da ni zan raka ka babban birninmu Ankara, in koya maka waƙar a cikin mota.

Abin da ya ci ni shi ne na zo aiki ran Litinin na tarar da hularka a rataye, daga bakin mai shara na ji ka tafi. Shekara guda ban hau Sanjago ba, kuma lokacin gwiwata lafiya lau.

Na faɗa, na huta. Ka gaida mai ɗakinka da Turawan 'ya'yanka.

Kwaku


Highbridge
19 ga Yuni, 2016

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Ban san abin da zan ce ba, na yaga takarda uku. Ina so in zo a Disamba, in tsaya a bayanka ranar zagayenka na ƙarshe, in kuma je kabarin Mama. In ka ce kada in zo, zan fahimta.

Ƙanenka,
Braimah


Elmina
11 ga Yuli, 2016

Braimah,

Gaisuwa. Disamba da sauran lokaci, za mu yi maganarta.

Autata Ama ta samu gurbin karatun jinya a garinku. Jirginta zai sauka JFK ran Alhamis, 18 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma. Ba ta san kowa a can ba, kuma ba ta da rigar sanyi. Na gaya mata ƙanena zai zo ya ɗauke ta. Iyakar abin da na gaya mata ke nan.

Kada ka makara.

Yayanka,
Kwaku